Aikin nas a makarantar kwana

Kafin a ɗauke ki, sai kin gama makarantar koyon aikin jinya, kuma kina da lasisin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya wanda bai ƙare ba.

A makon farko na zango, buɗe wa kowane ɗalibi kati. Rubuta mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, da maganin da jikin yaro ba ya karɓa. Da wannan katin za ki yi aiki da tsakar dare, lokacin da wayar iyaye ba ta shiga.

Zazzaɓi ba kullum maleriya ba ne, don haka a yi gwaji kafin magani, kuma kada a ba yaro asfirin. Idan da sanƙarewar wuya, musamman a bazara, a ɗauka sanƙarau ne, a wuce asibiti nan take.

Mai farfaɗiya a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, haƙori kawai ake karyawa. Idan jijjigar ta haura minti 5, a nemi mota.

Mai gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: tsaftataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.