Kurakuran da 'yan wasa suka fi yi wajen miƙa jiki, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo a unguwar Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato bayan la'asar ya san yadda abin yake. Saurayi zai sauko daga mashin, ya ɗaure takalmi, ya ɗora dunduniya kan sirdin mashin ɗin, ya sunkuya ya kamo yatsun ƙafa, ya ƙirga goma cikin gaggawa, ya sauya ƙafa. Shi ke nan, wai ya shirya. Kafin ka ankara ya narka wa ƙwallo duka da iya ƙarfinsa daga tsakiyar fili. Ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru, har ranar da tsokar bayan cinyata ta dama ta yage a gudun farko, na yi kusan wata biyu ina ɗingishi. Abin da ya fi ƙona mini rai a lokacin shi ne, ai na miƙa kafin in shiga. Yanzu da nake horar da yaran unguwa, kurakuran da na yi su nake gani kullum, har da waɗanda ban kai ga yi ba.

Ɗaukar miƙa a matsayin ɗumama jiki

Wannan shi ne uwar sauran. Miƙa iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke tsayawa wuri ɗaya ya ja tsoka ya riƙe, akwai kuma wadda ake yi cikin motsi, gaɓa tana kai da komo. Ta farkon ba ta sa jini gudu, ba ta ɗaga zafin tsoka, ba ta kuma gaya wa jiki cewa gudu na tafe. A shekarar 2000 an wallafa wani gwaji da aka yi a kan sabbin kuratan sojan Ostareliya sama da 1,500. Dukansu suna ɗumama jiki kafin atisaye, amma rabi an ƙara musu miƙar tsaye ta daƙiƙa 20 ga kowace tsokar ƙafa. Bayan mako 12, bambancin raunin da aka samu tsakanin ɓangarorin biyu bai taka kara ya karya ba. Sannan in aka riƙe miƙa ta wuce minti ɗaya dab da wasa, ƙarfin tsokar kan ɗan ragu, tsalle da tashin gudu su ragu na ɗan lokaci. Ba wani raguwa mai yawa ba ne, amma mai tseren mita 100 ko ɗan damben da ke jiran kai hannu ɗaya tak ba shi da rarar da zai zubar.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Fara da sassarfa ta minti biyar, har gumi ya tsatstsafo. Daga nan ka dafa kafaɗar abokinka ka yi lilo da ƙafa gaba da baya sau goma, gefe da gefe sau goma. Ka yi tafiyar dogon taku kana durƙusawa, ka ɗaga gwiwa zuwa ƙirji kana tafiya, ka yi gudun gefe, ka yi gudu da baya. Sai gudun mita 30 sau uku ko huɗu, kowane ya fi wanda ya gabace shi sauri. Ƙwallo shi ne na ƙarshe, shi ma da gajeren fasin za a fara.

Wanda ke son tsari da aka riga aka gwada, ya nemi FIFA 11+, tsarin ɗumama jiki na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Minti 20 yake ci, ba ya buƙatar kome sai fili da ƙwallo. An gwada shi a ƙasar Nowe a kan 'yan mata masu tasowa kusan 1,900, rauni ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. An kuma gwada shi nan gida, a gasar matasa ta Legas, sakamakon ya fito a 2014: ƙungiyoyin da suka bi tsarin sun samu raguwar rauni da kashi 41 cikin ɗari. Abin lura, a cikin tsarin gaba ɗaya kusan babu miƙar tsaye. Gudu ne, da ƙarfafa ciki da cinya, da tsayuwa kan ƙafa ɗaya, da koyon dira bayan tsalle.

Mu nan Sakkwato muna da wata hujja tamu ta kanmu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka ji yaro ya ce, "Koci, wane irin ɗumi kuma cikin wanga zahi?" Rana fata take gasawa, ba ta koya wa ƙafa gudu. Abin da zafi ya halatta maka shi ne ka rage sassarfar, ka yi sauran a inuwa in akwai, ka sha ruwa tun kafin ƙishi. Da hunturu kuwa, masu fita atisaye bayan asuba su ninka lokacin, don jiki a daskare yake tashi.

"In bai yi zahi ba, bai shiga ba"

Haka wani ɗan kokawa ya taɓa ce mini, yana zaune ƙafa a ware, abokinsa ya hau bayansa yana danna shi ƙasa kamar ana cusa kaya a buhu. Wasu kuma ba sa bari a danna su, su da kansu suke fizgar jikin, su sunkuya su ɗago, su sunkuya su ɗago. A cikin kowace tsoka akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke jin yadda ake jan ta. In aka fizge ta farat ɗaya, sai su aika saƙo tsokar ta ɗaure don kare kanta. Kana ja, tana ja. Wurin da ya fi rauni shi zai biya kuɗin gardamar.

Da yake garinmu garin jima ne, mutane na kwatanta tsoka da fatar akuya: ka ja ta da ƙarfi ta miƙe ta zauna a haka. Kwatancen bai zauna ba. Yawancin laushin da mutum ke samu a makonnin farko ba tsawo tsokar ta ƙara ba, jiki ne ya saba, ya daina ɗaukar jan a matsayin haɗari. Sabo kuwa ba a samun shi da tsiya, sai da yau da gobe. Ka ja har ka ji ta ɗame, ka tsaya nan. In ka ga kana riƙe numfashi ko kana cije leɓe, ka wuce gona da iri, ka ɗan saki. Riƙe daƙiƙa 30, ka huta, ka maimaita sau biyu zuwa huɗu, aƙalla kwana biyu ko uku a mako. Dattijo ya riƙe har minti ɗaya. Lokacinta shi ne bayan an tashi wasa, ko wani lokaci daban da jiki ke da ɗumi. Miƙar awa guda ranar Asabar kaɗai ba ta kai ta minti goma sau uku a mako ba.

Laushi babu ƙarfi

Nan ne na fi jin takaicin abin da ban sani ba ina matashi. Tsokar bayan cinya ba ta yagewa don gajarta kawai. Mafi yawan lokaci tana yagewa ne a tsakiyar gudu mai tsanani, daidai lokacin da ƙafa ta wulla gaba tana shirin taka ƙasa. A wannan ƙiftawar ido tsokar tana miƙewa, kuma a lokaci guda ita ce birkin da ke tare ƙafar. In birkin ba shi da ƙarfi a wannan tsawon, ko kana iya sa goshi kan gwiwa ba zai cece ka ba. Na ga yaran da ke iya ware ƙafa har ƙasa, amma su ne kullum a benci riƙe da cinya.

Maganin da aka fi tabbatarwa shi ne atisayen da ake kira Nodik. Ka durƙusa kan tabarma ko yashi mai laushi, abokinka ya danne maka duga-dugai, jikinka a miƙe daga gwiwa zuwa kai, ka riƙa faɗuwa gaba a hankali kana tare kanka da bayan cinya, har inda ka kasa, sannan ka tare ƙasa da tafin hannu. A Denmak an gwada shi a kan 'yan ƙwallo 942, sakamakon ya fito a 2011, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne masu tsohon rauni. Da aka haɗa gwaje-gwaje da yawa daga baya, an ga yana rage yagewar wannan tsoka da kusan rabi. Kuskuren da ake yi da shi guda biyu ne: karya ƙugu a turo ɗuwawu baya, da kuma zari. Makon farko sau biyar, hutu, sau biyar, rana ɗaya tak. Wanda ya yi talatin a ranar farko, gobe ko ruku'u sai ya yi da dabara. A ƙara kaɗan-kaɗan har mako goma, sannan a riƙe shi sau ɗaya a mako.

Haka abin yake ga matsematsi, inda masu bugun ƙwallo da cikin ƙafa ke yawan kuka. Zaman ware gwiwa ana danna su ƙasa bai isa ba. Kwanta ta gefe ka dogara kan gwiwar hannu, abokinka ya riƙe ƙafarka ta sama daidai ƙugunsa, ka ɗaga jikinka har ƙafar ƙasa ta taɓo ta sama, ka sauke a hankali. In ya yi wuya, ya riƙe ka a gwiwa maimakon idon sawu.

'Yan dambe kuma matsalarsu kafaɗa. Hannun ɗauri ya sha lilo har ya yi laushi fiye da kima, amma suna ƙara jan sa baya suna neman ƙarin zango. Kafaɗar da ta riga ta saki ba miƙa take nema ba. A samu tsohon tib na keke a ɗaure a ƙarfen taga, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a riƙa jan robar waje a hankali sau 15. Kaɗan ne a ido, amma ƙananan tsokokin da ke riƙe kan ƙashin a mazauninsa su yake ginawa.

Miƙa wurin da ya ji ciwo

Yaro ya ji wani abu ya ce ɗas a cinya, ya faɗi, sai a rufu a kansa, wannan ya ɗaga ƙafar sama, wancan ya danna yatsu. Da dare a gasa da ruwan zafi, a murza man zafi da ƙarfi. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma gyaran gangar Abzinawa ne. Tsokar da ta yage tana zubar da jini a ciki. Ja yana buɗe yagar, zafi da murza suna ƙara kumburi. A kwana biyu zuwa uku na farko a huta da wurin, a naɗe ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a cikin tsumma a ɗora na minti 15, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar kan matashi. Bayan nan a fara motsi mara ciwo, ƙarfafawa ta biyo, miƙa ta zo daga baya.

A rarrabe wannan da ɗaurewar jijiya, wadda sharaɓa ke dunƙulewa kamar dutse a ƙarshen wasa. Ita kam miƙa a hankali tana sakin ta. A kuma rarrabe shi da tsamin jiki, wanda ke zuwa washegari ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku. Tsami ba rauni ba ne, kuma miƙa kafin wasa ko bayansa ba ta hana shi. Tafiya da sassarfa mara nauyi sun fi sauƙaƙa shi.

Ban raina maɗora ba, gadonsu ne, kuma kowa a garin nan ya san wanda suka taimaka wa. Amma in mutum ya kasa taka ƙafa ko taku huɗu, ko gwiwa ta kumbura cikin awa ɗaya ko biyu, ko ya ji kamar an jefe shi da dutse a agara alhali babu kowa a bayansa, ko ciwo na saukowa daga kwankwaso zuwa ƙafa da mutuwar yatsu, wannan na asibiti ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gashin ƙashi, a fara sanin abin da ya lalace kafin kowa ya ja.

Gaɓoɓin da ake mantawa

Kowa bayan cinya ya sani, ita ma da ranƙwafar da baya ake miƙa ta, har kwankwaso ya ɗauke aikin. Ka miƙe bayanka, ka karyo daga ƙugu. Ba za ka kai yatsu ba, amma za ka ji jan inda ya dace.

Idon sawu da gaban ƙugu su ne marayu. Mun yi sa'a tsugunno da zaman tabarma sun riƙe mana laushin da wasu ke biyan kuɗi su nema, sai dai ɗan kabu-kabu, tela, da ɗalibin da ya wuni kan benci suna rasa shi ba su sani ba. Don gaban ƙugu, sa gwiwa ɗaya ƙasa, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse ɗuwawun ɓangaren da ke ƙasa, ka ɗan matsa gaba ba tare da ka banƙare ba. Don idon sawu, tsaya gaban bango, babban yatsa nesa da shi kamar santimita 10, wato faɗin tafin hannu, ka tura gwiwa ta taɓa bangon dunduniya tana ƙasa. Ka gwada ƙafa biyun. Sau da yawa wadda ta taɓa yin targaɗe ita za ta gaza, ko da shekara ta wuce. Wannan gwajin shi ne kuma atisayen: sau goma, safe da yamma. Ka haɗa da tsayuwa kan ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, in ta zauna ka rufe ido, domin targaɗe yana komawa inda ya saba.

Yarana sun fi ƙin wannan tsayuwar fiye da gudu, wai ba ta kama da tirenin. Na daina gardama da su. Idan an kusa kiran magariba sai in jera su kan layin fili, kowa kan ƙafar da ya fi tsoro, ido a rufe, wanda ya fara saukewa shi zai kwashe ƙwallaye ya kai gidana.