Yadda za a sa kwamfuta ta rage gwajin C. difficile marar dalili a asibiti

Gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayoyin halittar ƙwayar cuta, yana gano ƙwayar Clostridioides difficile (C. difficile) a cikin bahaya, amma ba ya bambanta wanda ƙwayar ke sa wa gudawa da wanda ta zauna a hanjinsa lafiya lau. Idan aka gwada wanda bai cancanta ba, sai sakamako ya nuna akwai ƙwayar, a keɓe shi a ɗaki, a ɗora shi kan maganin da ba ya buƙata, alhali ainihin abin da ke damunsa yana nan ba a duba ba.

Da farko, likitoci da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje su zauna su amince da sharuɗɗan yin gwajin. Ƙa'idojin 2017 na IDSA da SHEA, ƙungiyoyin masana cututtuka masu yaɗuwa na Amurka, sun wadatar: a gwada wanda ya yi sabuwar gudawa aƙalla sau 3 cikin awa 24 ba tare da wani sanannen dalili ba, kada a maimaita gwajin cikin kwana 7, kuma kada a yi shi don tabbatar da warkewa.

Daga nan sai a saita manhajar bayanan majinyata ta riƙa duba waɗannan da kanta a daidai lokacin da likita yake neman gwajin, domin gargaɗin da ya zo bayan an ɗauki samfur ihu ne bayan hari. Ta nuna masa sau nawa aka rubuta majinyacin ya yi bahaya, da ko ya sha maganin sassauta ciki cikin awa 48 da suka wuce, da ranar gwajin ƙarshe. Wannan kuwa ya rataya ne a wuyan ma'aikatan jinya, don abin da ba su shigar ba kwamfuta ba za ta gani ba. Asibitin Jami'ar Virginia ya bi irin wannan hanya, har da ladan kuɗi ga likitoci masu neman ƙwarewa, ya kuma ba da rahoto a 2018 cewa gwajin ya ragu da kashi 41 cikin 100.

A ganina, lalle a bar wa likita ƙofar tsallake gargaɗin idan ya rubuta dalili, musamman ga majinyacin da cikinsa ya kumbura, hanjinsa ya tsaya, wanda cutar za ta iya tsananta masa ba tare da gudawa ba. Duk wata a duba dalilan da aka rubuta, a cire gargaɗin da kowa ke tsallakewa, a kuma bincika ko akwai wanda aka jinkirta gano cutarsa.