Yadda za ka ga tsinkewar sitaci da idonka

Sitacin da ke cikin gero da shinkafa da rogo ƙwayoyin sukarin gulukos ne, ɗaruruwa zuwa dubbai, a jere kamar carbi, kowace a ɗaure da ta gabanta. Jiki ba ya cin moriyarsa sai ya tsinka shi, kuma kowane ɗauri da za a tsinka yana buƙatar ƙwayar ruwa guda ɗaya da wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta irin wannan aiki, mai suna amilas, wanda ke cikin yawun bakinka. Ana iya ganin wannan aiki a gida.

Ka dama koko tsararo ƙwarai, cokali guda na kamu a kofin ruwa, ka tabbatar ya dahu, domin amilas ba ya saurin cin ɗanyen sitaci. Ka bar shi ya huce har ya zama ɗumin jiki, wato kusan digiri 37, sannan ka raba shi kofi uku. Na farko kada ka sa masa komai. Na biyu ka zuba masa yawu cokali guda, na uku kuma yawun da aka tafasa aka bari ya huce. Ka sayo aidin na wanke rauni a kemis, ka surka shi da ruwa har ya yi launin shayi mara ƙarfi, kuma kada a kai shi baki.

Duk bayan minti biyu, ka ɗiga kokon kowane kofi a kan farin faranti, ka ɗiga masa aidin. Da fari duka ukun za su yi shuɗi mai duhu, saboda aidin yana shiga cikin murɗin dogon zaren sitaci ne ya ba da wannan launi. Sannu a hankali na kofi na biyu zai koma ja-ja, daga baya ya daina sauya launi, domin zaren ya gutsuttsure zuwa maltos, mai gulukos biyu kacal. A cikin jiki, daga nan hanji ke ƙarasa aikin, jini ya kai gulukos ga ƙwayoyin jiki, su ƙona shi da iskar oksijin su sami kuzari.

Kofi na uku ya fi kowanne koyarwa, a ganina. Amilas furotin ne, kuma tafasa ba ta tsinka ƙaƙƙarfan ɗaurin da ke tsakanin amino asid ɗinsa, wato ƙananan tubalan da suka gina shi, sai dai ta warware raunanan ɗaurin haidirojin da ke riƙe siffarsa, shi ya sa ya kasa aiki, launin kuma ya tsaya shuɗi.

Idan yawu bai kwanta maka ba, ka yi amfani da garin tsiron gero ko na dawa. Daga tsiron sha'ir ne masana kimiyya biyu, Payen da Persoz, suka ware wannan inzayim a Faransa a 1833, kuma shi ne ke tsinka kunun zaƙi ya ƙara masa zaƙi idan aka zuba tsiro bayan kunun ya ɗan huce.