Kati da maɓalli da lambar QR: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Cikin abubuwan da kan ɗaure wa sabon zuwa kai a manyan biranen Turai da Asiya akwai yadda ƙananan kayan aljihu suka zama hanyar hulɗa da kwamfuta. Katin shiga jirgi da ɗan maɓallin roba mai buɗe ƙofar gidan haya duk kanga su ake yi a jikin na'ura, ita kuma ta karanta su ta siginar rediyo wadda ba ta wuce tazarar 'yan santimita. Hong Kong ta fara amfani da katin sufuri mai suna Octopus a 1997, Landan ta fito da Oyster a 2003, kuma tun 2014 motocin bas na birnin suka daina karɓar tsabar kuɗi.

Na'urar ba ta san fuskar kowa ba, abin da aka kanga mata kaɗai ta sani. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, inda ake iya biya ta hanyar kanga waya ko katin banki, duk wanda ya shiga da wayarsa sannan ya fita da katin banki, to a lissafin na'ura fasinjoji biyu ne ko da asusun ɗaya ne, kuma da yake kowannensu bai kammala tafiya ba, ana iya cire masa kuɗi mafi tsada har sau biyu. Haka nan wanda ya manna walat ɗinsa dungurungum alhali akwai kati uku a ciki, bai san wanda za a cire kuɗin daga cikinsa ba. Saboda haka a zaro kati ɗaya, a shiga da shi, a fita da shi, kuma a jira ƙarar na'urar da koren haske kafin a wuce, ko da na baya suna tsaki.

Yana da kyau a yi wa katin sufuri rajista a intanet tun makon farko, domin idan ya ɓace a iya toshe shi a mayar da ragowar kuɗin kan sabo. Maɓallin ƙofa ma idan ya salwanta a sanar da mai kula da gidan nan take, ya soke lambarsa.

Lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya don buɗe shafin intanet, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan, domin ido ba ya bambance ta gaskiya da ta jabu. 'Yan damfara kan liƙa tasu a kan ta asali, musamman a injin biyan kuɗin ajiye mota. A shafa ta da yatsa ko za a ji tudun sitika, sannan a karanta adireshin da waya ta nuna kafin a shigar da lambar katin banki.