Darasi na Tara: Lambu da Zaman Gida a Bakin Teku

Duk wanda ya taso a Kano ko Maraɗi, ya sauka Akra (tsofaffinmu Ankara suke ce mata), abin da zai fara ba shi mamaki shi ne tsatsa. Ka sayi sabon kwaɗo ka rufe ƙofa, kafin shekara ta zagayo ya yi ja, mabuɗi ya ƙi juyawa. Kwanon rufi ma haka, keken ɗinki ma haka. Gishirin miya kuwa sai ya jiƙe a cikin gwangwani, ko da ba a zuba masa ruwa ba.

Dalili ɗaya ne. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da laima da gishiri. A Akra teku yana kudu, iska kuma mafi yawan lokaci daga kudu maso yamma take kaɗawa. Ku riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a lambu.

A cikin gida maganin ba wuya. A riƙa ɗiga man keke a kwaɗo da maɗaurin ƙofa. A goge wuƙa da almakashi su bushe kafin a ajiye. A janye katifa da akwati daga jikin bango, ranar da aka samu rana mai kyau kuma a fitar da su su sha, don kada su yi fumfuna.

Lambu shi ya fi buƙatar bayani.

Ƙasar bakin teku rairayi ce. Ka zuba ruwa yanzu, kafin ka juya ya zurare, ya tafi da ɗan abincin shukar. Shi ya sa mai ƙaramin tsakar gida, kamar yawancinmu a Nima ko Ashaiman, gara ya yi shuka a tsohon bokiti ko buhun shinkafa. A huda ƙasan bokitin wuri biyar ko shida. A haɗa kwano biyu na ƙasa da kwano ɗaya na taki. Amma takin ya zama ruɓaɓɓe. Na taɓa yin gaggawa na zuba ɗanyen kashin kaji a gindin tumatir, kwana uku duk suka ƙone, maƙwabciyata tana leƙowa ta katanga tana cewa, "Malam, ai wannan ba taki ka ba su ba, wuta ka ba su." Ku tara shi a gefe, ku rufe, ya yi kamar wata biyu.

A ɓangaren da iska ke shigowa, a kafa zana ko a jera ganyen kwakwa. In kun ga bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka, alhali kuna ban ruwa, to gishiri ne.

Sai ruwan kansa. Rijiyar kusa da teku tana da wani hali: ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri rashin nauyi, saboda haka yana zaune a sama, mai gishirin yana ƙasa. In aka zurfafa rijiya, ko aka yi ta ja da injin ba hutu, sai na ƙasan ya taso. Manoman Anloga, 'yan ƙabilar Ewe da ke zaune tsakanin teku da tafkin Keta, sun daɗe da gane wannan. A kan rairayi suke noman ƙananan albasa har a kai kasuwannin Akra, da rijiyoyi gajeru a cikin gonar da taki mai yawa. Kafin ku ba shuka ruwan rijiya, ku ɗanɗana. In kuka ga fari-fari ya fito a saman ƙasar bokiti, ku kwarara ruwan sama ko na famfo har ya fita ta ƙasa, ya wanke gishirin. Manyan ruwan Akra daga Afrilu zuwa Yuli suke, ƙananan kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Mai ganga ya tara.

Ni dai shawarata a fara da alayyafo da ayoyo. Cikin mako huɗu zuwa biyar an fara tsinka. Kuɓewa tana kai wata biyu, in ta fara kuma sai a cire duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ta ƙoshi ta zama itace. Wake ba ya jure gishiri, ku bar shi tukuna.

Mai lambu mai kallo ne, kuma bakin teku akwai abin kallo. Tsakanin Akra da Tema akwai tafkin Sakumono, ɗaya daga cikin wurare biyar na gaɓar Ghana da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, ta duniya mai kare tafkuna da fadamu, a 1992 saboda tsuntsayensu. Daga Satumba zuwa Afrilu tsuntsaye suna zuwa daga Turai gudun sanyi, su haɗu da balbela da zalɓe na gida. Ku je da sassafe, ku zauna shiru, kada yara su riƙe danƙo. Masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata, don haka ranar bakin ruwa ya fi natsuwa.

Can wajen garin Ada kuma, gabas da Tema, a watannin ƙarshen shekara da farkon sabuwa, kunkurun teku yana fitowa da dare ya haƙa rami da ƙafafun baya, ya zuba ƙwai wajen ɗari, ya binne. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su nufi ruwa. Hasken tocila yana ɓatar da su, ku kashe. Dokar Ghana ta hana kama shi ko ɗibar ƙwansa.

Aikin wannan mako: ku ware shafi ɗaya a littafinku. Kullum ku rubuta rana, da abin da kuka gani, da adadinsa. Misali:

Talata, 7 na safe. Balbela 12. Alayyafo ya fito a bokiti 2.

Ku kawo littafin ranar darasi mai zuwa, kowa zai karanta nasa da ƙarfi.