Yadda za ka gina jimlar Ingilishi ba tare da ka bi ta Faransanci ba

Ƙannena masu shirin jarrabawar BEPC da BAC, da ku masu zuwa Kano saro kaya kuna son rubuta saƙo da Ingilishi, ku matso. Jiya da dare a fadarmu nan Birni wani ƙanena ya miƙo mini kayensa, wato littafin rubutunsa, jimla guda ta ci layi 6 ba aya, sai waƙafi kan waƙafi, kuma wallahi yaron yana da kai, matsalar kawai sai ya tsara maganar da Faransanci tukuna sannan ya juya ta.

To ka bar wannan. Fara da Hausarka, don tsarin ɗaya ne, mai aiki, aiki, sannan abin da aka yi wa aikin. Musa ya sayi gero, Musa bought millet. Ko sifa ma Hausa ta fi taimakonka, jar mota red car ce, Faransanci ne ke kai rouge baya.

Jimlolin Ingilishi iri 4 ne. Ta farko simple, magana guda mai tsayuwa da ƙafarta, kamar ta Musa ɗin nan. Ka rubuta irinta 10 kafin ka wuce, kar ka raina ta.

Ta biyu compound, ka ɗauko biyu masu tsayuwa da kansu ka haɗa da waƙafi da ɗaya daga kalmomi 7: for, and, nor, but, or, yet, so. The market was full, but millet was cheap. Waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure su fa, nan ne mushe, wato malami, ke jan bik ɗinsa.

Ta uku complex, ita ce na fi so ku daɗe a kanta. Rabi na tsaye da kansa, rabi jingine yake, yana farawa da because, when, if ko although. In jinginannen ne a gaba sa waƙafi bayansa, When the rain came, we went to the farm. Amma a nan Hausar tamu ma tana iya ka da mutum, mun saba cewa ko da yake na gaji amma na zo, sai ka ga yaro ya rubuta although da but a jimla guda. Ingilishi ba ya ɗaukar su tare, ka zaɓi ɗaya, Although I was tired, I came. Na ga wannan kuskuren a kaye ya fi a ƙirga kuma yana ci mini rai, don maki ne ke zubewa a banza.

Ta huɗu haɗin ta biyu da ta uku ce, in waɗancan sun zauna ita za ta zo da kanta.

Sai salon jera magana. In ka jera abu uku, su zo da siga ɗaya, reading, writing and speaking, ba ka sa to speak a ƙarshe ba. Lincoln na Amurka a jawabinsa na 1863 ya ce of the people, by the people, for the people, har yau ana haddace shi saboda wannan jerin. Kuma kowane sakin layi ka buɗe shi da jimlar da ta faɗi batun kai tsaye, misalai su biyo baya.

Yau da dare ɗauko tsohon aikinka, duk jimlar da ta wuce layi 2 ka datse ta, ka karanta da ƙarfi, sannan ka sake haɗa guda 3 kawai da but, because da when.