Ƙannena masu aikin kula da tsofaffi a Ingila, kurakuran nan sun ishe ni

Bayan da aka buɗe bizar aikin kula da tsofaffi a 2022 mutanenmu sun yi ta shigowa, 'yan Kano, Kaduna, Jos, har da 'yan Zango na Kumasi, kuma masha Allah yawancinku kuna da haƙuri da tsoho don da shi muka tashi a gida. Amma akwai wajen da kusan kowa yake tuntuɓe, wato tsohon da ke da ciwon mantuwa kuma shi ma baƙo ne a ƙasar kamar mu. Na gaji da maimaita magana ɗaya wa duk sabon da aka haɗa ni shif da shi, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Abin da ba a gaya muku sosai a tirenin shi ne ciwon nan yakan fara cinye yaren da mutum ya koya da girma, ya bar masa wanda ya sha a nono. Mutum ya yi shekara hamsin yana Turanci a wajen aiki, sai a wayi gari Turancin yana zubewa kaɗan-kaɗan har ya koma yaren ƙauyensu. Kuma tsofaffin baƙin nan ba kaɗan ba ne: mutanen Mirpur ta ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan da suka zo masaƙun Bradford a shekarun 1960, 'yan Sylhet ta Bangladesh mazauna gabashin Landan, Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972 da yawansu suka zauna Leicester, 'yan Italiya da suka zo aikin bulo a Bedford, 'yan Poland na bayan yaƙin duniya na biyu. Wani rahoton 'yan majalisa na 2013 ya ƙiyasta masu ciwon a cikin baƙaƙe da 'yan Asiya da sauran tsiraru kusan 25,000 ne, kuma za su haura 170,000 zuwa 2051. Ciwon suga da hawan jini da suka yi mana yawa mu da su suna ƙara kawo nau'in da ke zuwa ta toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa.

Babban kuskure, wanda har yau in na tuna raina yake ɓaci, shi ne ka rubuta a ripot cewa tsoho "ya yi faɗa" ko "ya ƙi yarda" alhali ba ka ji ko kalma ɗaya cikin abin da ya faɗa ba. Akwai wani Baba ɗan Mirpur da na daɗe ina kula da shi, tsohon direban bas, mutum mai tsafta da son a taje masa gemu. Kullum da asuba sai ya tashi ya lallaɓa wajen famfo, ya tuɓe safa, ya naɗe hannun riga, ya jiƙa ƙasa sharkaf yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa. Ni nakan kawo masa kujera da roba da tawul, a gama lafiya ya koma ya zauna yana motsa baki. Da na tafi hutu aka sa wani yaro namu a shif ɗin dare, ya riƙa janye shi daga famfon yana ce masa da Turanci ya koma gado, Baba yana ture shi yana ɗaga murya da yarensu, shi kuma yana rubuta faɗa, faɗa, faɗa. Kafin in dawo takarda ta cika, likita ya duba abin da aka rubuta ya ɗora shi a kan maganin kwantar da hankali. Na tarar da mutumin da ke gaishe ni da fara'a yana zaune kai a sunkuye miyau na zuba, ba a jima ba ya faɗi ya karye a ƙugu, daga asibiti bai dawo mana ba.

Haba ɗan'uwa! Kai da kake alwala sau biyar a rana, ka ga dattijo ya tuɓe safa a gaban famfo da asuba ka kasa gane me yake yi? Wallahi abin da kuke rubutawa ba wasa ba ne, likita ba ya kwana da tsohon nan, da takardarku yake aiki. Magungunan nan irin su risperidone suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da faɗuwa, tun 2009 wani rahoto da gwamnati ta sa aka yi ya ce mutum kusan 180,000 masu ciwon mantuwa ake ba irinsu kuma suna jawo ƙarin mutuwa wajen 1,800 a shekara. Ni dai ƙa'idata, ban rubuta hukunci, abin da ido ya gani nake rubutawa: ƙarfe nawa, ina ya nufa, me ya riƙe, me aka yi masa kafin ya ɗaga murya, sannan in ƙara da cewa ya yi magana da yarensa ban fahimta ba, a nemo mai ji. Wasu nas suna cewa ripot ɗina ya cika tsawo, su dai faɗa.

Na biyu shi ne tafinta. Ana duba fayil a ga Pakistan sai a kira mai Urdu, alhali tsohon Pahari yake ji, ko a ga Bangladesh a kawo mai Bangla na boko wa tsohuwar da Sylheti kawai ya rage mata. Kamar a ga fasfo ɗin Najeriya a kawo mai Hausa wa tsohuwar da ta koma Barbarci zalla. Sai tafinta ya yi tambaya ta yi shiru, a rubuta ba ta gane komai. Ku tambayi iyali wane gari aka haife ta, da wane yare take magana da mahaifiyarta, ku rubuta shi ɓaro-ɓaro a fayil. Kuma dan Allah ku daina jawo jika ɗan sakandare ya yi fassara don kuna sauri. Ta yaya tsohuwa za ta gaya wa jikanta namiji fitsari na yi mata zafi? Ko ɗanta babba ma gyara maganar yake yi, ta faɗi abin da ba kai ba gindi shi kuma ya ɗinke ya miƙo muku mai kyau don kunya, likita ya ce ai da sauƙi. Dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta ce ba a yanke cewa mutum ba zai iya zaɓa wa kansa ba sai an yi duk abin da zai yiwu don taimaka masa, kuma NHS, hukumar asibitocin gwamnati, tana da tafinta kyauta, to ku matsa wa manaja a nema. In an zo gwajin ƙwaƙwalwa nakan tambaya ko za a yi da RUDAS, wanda aka ƙirƙira a Ostareliya don mutanen da yarensu da al'adarsu daban ne, saboda gwajin da aka saba yana kayar da wanda bai yi boko ba ko da lafiyarsa lau.

Sauran ƙanana ne amma kullum sai na gani. Ɗaga murya ba ya mayar da Turanci yaren mutum, tsorata shi kawai kake yi. Ku duba batirin abin jinsa da tabarau kafin ku ce ba ya fahimta. Google Translate bai san yarukan ƙauye da yawa ba, wanda ya sani ma maganar mai ciwon mantuwa rikita shi take yi. In ruɗewa ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ku kira nas, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko rashin shan ruwa ko bayan gida ya ƙi fita. Kada ku ga baƙon suna ku kunna masa karatun Alƙur'ani, wani Sikh ne, wata Hindu, wata 'yar Katolika mai carbinta.

Sai wanda mu Hausawa muka fi kowa yi, mu biyu muna canza wa tsohuwa kaya muna zuba hira da Hausa a kanta har da shewa. Ita fa tuni take cikin duniyar da ba ta gane maganar kowa, ga mutum biyu sun tuɓe ta suna dariya da wani yare na uku, me kuke so ta ɗauka? Ku adana hirar sai lokacin burek.

Ni abin da nake yi, akwai ɗan littafi a aljihun yunifom ɗina, duk sabon tsoho nakan zauna da 'yarsa ko matarsa su faɗa min yadda ake cewa ruwa, ciwo, banɗaki, zauna, sannu, da sunan da ake kiransa da shi a gida, in rubuta yadda kunnena ya ji da baƙaƙen Hausa. In tunkare shi ta gaba, in durƙusa ido cikin ido, kalma biyu ko uku, in nuna masa kofin ko tawul ɗin, sannan in yi shiru in jira ko da minti guda ne. In iyali sun yarda kuma manaja ta sani, sukan naɗo muryarsu a na'urar gidan suna cewa Baba lokacin wanka ya yi, ba a wayata ba don hakan na iya cin aikin mutum. Kalmomin kuma nakan kwafe su a manna a cikin ƙofar kabad ɗinsa, saboda mai shif ɗin dare da 'yan ejensi da ke zuwa yau gobe babu su.